Farin Sawun Jiragen Sama A Kan Gella: Hanya, Iska Da Kuɗin Sufuri

GELLA, Jihar Adamawa: Garin Gella, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, ba shi da filin jirgin sama, kuma duk ɗan kasuwar yankin da ke son hawa jirgin fasinja sai ya yi tafiyar kimanin kilomita 200 a mota zuwa Yola. Duk da haka, manyan jiragen ƙasa da ƙasa suna ratsa sararin samaniyar wannan yanki na gindin duwatsun Mandara, inda a wasu ranaku sukan bar dogon farin layi a bayansu, wanda jama'a suka saba kira hayaƙin jirgi.

Wannan layi, wanda ya fi dacewa a kira shi sawun jirgi, abubuwa biyu ne ke tsara kamanninsa: hanyar da aka ba jirgin ya bi, da kuma iskar da ke kaɗawa a can sama inda yake tafiya. Dukkan biyun suna da hannu a kuɗin da fasinja da maniyyaci da mai aika kaya ta jirgi suke biya. Bugu da ƙari, tun daga shekarar 2025 Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanonin jiragen sama su riƙa ba da rahoton illar wannan sawu ga yanayin duniya, abin da ke nuna cewa ya kama hanyar shiga lissafin kuɗin sufuri.

Yadda Sawun Yake Samuwa

Man jirgi, wanda ake kira Jet A1, ɗan'uwan kananzir ne. Duk kilo ɗaya da injin ya ƙona yakan fitar da kimanin kilo 1.25 na tururin ruwa da kilo 3.16 na iskar kabon, saboda man yana haɗuwa da iskar da injin ke zuƙa a lokacin da yake cin wuta. Babban jirgi mai dogon zango yana shan tan 6 zuwa 8 na mai a sa'a guda, ke nan yana zuba tan 7 zuwa 10 na ruwa a sararin sama a kowace sa'a.

Manyan jirage suna tafiya ne a tsayin ƙafa 33,000 zuwa 41,000, wato kilomita 10 zuwa 12 da ɗoriya daga doron ƙasa. Iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6 da rabi a duk kilomita ɗaya da aka hau. A ranar bazara da zafi ya doshi digiri 40 a kasuwar Mubi, a tsayin kilomita 12 sanyi yakan kai kusan digiri 50 ƙasa da sifiri. Da zarar tururi mai zafi ya fito daga injin ya shiga irin wannan sanyi, sai ya taru a kan burbushin kunkunniyar da injin ke fitarwa, ya zama ɗigon ruwa, nan take kuma ya daskare ya koma ƙwayoyin ƙanƙara. Tarin waɗannan ƙwayoyi ne ido ke gani fari. Abin ya yi kama da yadda numfashin mutum yakan yi fari da asubahin ɗari a Jos ko a kan tsaunin Mambila. Ɗan gibin da ake gani tsakanin jelar jirgin da farkon layin shi ne lokacin da tururin ke buƙata kafin ya huce.

Wani masani Bajamushe, Ernst Schmidt, a shekarar 1941, da wani Ba'amurke, Herbert Appleman, a 1953, su ne suka fitar da ƙa'idar da ake amfani da ita har yau wajen gane lokacin da sawun zai samu. A taƙaice, sai sanyi ya kai kusan digiri 40 ƙasa da sifiri ko ya zarce haka. A ƙasashe masu zafi irin Nijeriya ba a cika samun wannan sanyi ba sai an hau kusan kilomita 11, alhali a Turai da hunturu ana samunsa tun ƙasa da haka sosai. Wannan shi ya sa jirgin cikin gida mai gajeren zango, ko jirgin alhazai da bai daɗe da tashi daga Yola ba, yakan wuce ba tare da ya bar komai a bayansa ba.

Tsawon ran sawun kuwa yana ga laimar da ke cikin iskar. Idan iskar a bushe take, ƙanƙarar takan koma tururi ta ɓace cikin daƙiƙoƙi, sai a ga jirgin yana jan ɗan gajeren wutsiya. Idan kuwa iskar ta riga ta ƙoshi da laima, ƙwayoyin ƙanƙarar sukan ci gaba da zuƙar ruwa daga gare ta suna girma, har layin ya yi sa'o'i, ya buɗe ya koma siraran gizagizai masu faɗin kilomitoci. Layin da ake gani a yayyanke alama ce cewa jirgin ya riƙa shiga iska mai laima yana fita zuwa busasshiya. Jita-jitar da akan yaɗa cewa wani sinadari ake fesawa da gangan ba ta da tushe, domin mafi yawan abin da ke cikin tsohon sawu ruwan da ke cikin iskar wurin ne tun asali.

Dalilin Da Ya Sa Hanya Ta Biyo Ta Nan

Gella tana kusa da digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da digiri 13 gabas da layin Landan. Idan aka ɗauki zare aka miƙe shi a kan ƙwallon taswirar duniya daga Brussels, babban birnin Beljiyam, zuwa Kinshasa ta Kwango, zaren zai sauko ta gefen iyakar Aljeriya da Libiya, ya ratsa gabashin Nijar kusa da Diffa, ya bi ta kan Maiduguri, ya wuce ta kan Mubi da Gella, sannan ya faɗa Garwa ta ƙasar Kamaru. Wannan ita ce hanya mafi gajarta tsakanin biranen biyu. Haka nan zaren da aka ja daga Abuja zuwa Adis Ababa ta kan Yola zai bi, wanda aka ja daga Yola zuwa Jidda kuma zai gifta ƴan kilomitoci goma-goma kudu da Gella. Tunda ana iya hango sawun jirgi daga nisan kilomita 100 idan gari ya washe, mazauna yankin suna kallon mahaɗar hanyoyi biyu: ta arewa zuwa kudu da ke haɗa Turai da tsakiyar Afirka, da ta yamma zuwa gabas da ke haɗa Afirka ta Yamma da Habasha da ƙasashen Larabawa.

Matsayin arewacin Nijeriya a wannan mahaɗa daɗaɗɗe ne. A watan Nuwamban 1925 ne jiragen sojan saman Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar Khartum zuwa Kano. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, an riƙa haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, ana tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Njamena, wadda a lokacin ake kira Fort Lamy, har Khartum da Alƙahira. Bayan yaƙin, Kano ta zama zangon shan mai ga jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka. Da aka ƙera jirage masu iya tafiyar sa'o'i goma ko fiye ba tare da sun sauka ba, sai wannan ciniki na zango ya ja baya. Jiragen sun ci gaba da wucewa ta sama, kuma abin da ƙasa ke samu daga gare su shi ne kuɗin ratsa sararin samaniya, wanda ake biya da kuɗin waje.

Masu Tsara Hanya

Jirgi ba ya bin zaren taswira yadda ya ga dama. Sararin samaniya yana da hanyoyi sanannu da mashiga da mafita, kamar yadda burtali yake ga shanun da ake korowa kasuwar Mubi. A taswirorin sufurin sama na duniya, sararin samaniyar Nijeriya an san shi ne da sunan shiyyar Kano, kuma cibiyoyi biyu ne ke kula da shi, ɗaya a Kano ɗaya a Legas. Hukumar Kula da Sararin Samaniya ta Nijeriya, wato NAMA, wadda aka kafa da doka a 1999, ita ce ke gudanar da wannan aiki, ita ke kuma karɓar kuɗin wucewa. Daga cikin tashoshin rada tara da aka ƙaddamar a 2010 domin ganin jirage a duk faɗin ƙasa, akwai ɗaya a Numan ta Jihar Adamawa, akwai wata a Maiduguri.

Da jirgi ya ƙetare duwatsun da ke gabas da Gella ya shiga arewacin Kamaru, ya bar hannun Nijeriya ya koma shiyyar Njamena, wadda ke ƙarƙashin ASECNA, hukumar haɗin gwiwa da aka kafa a 1959 mai hedkwata a Dakar, wadda ke kula da sararin samaniyar Kamaru da Cadi da Nijar da wasu ƙasashe. Ke nan saman wannan yanki wurin miƙa jirgi ne daga hannun wata hukuma zuwa wata.

Tun daga watan Satumban 2008, ƙa'idar da ake bi a Afirka ita ce a bar ratar ƙafa 1,000, wato kimanin mita 300, tsakanin jirgi da jirgi a tsayin ƙafa 29,000 zuwa 41,000. Wanda ya fuskanci sashen gabas ana ba shi tsayi mai lambar mara, kamar ƙafa 35,000 ko 37,000 ko 39,000, wanda ya fuskanci sashen yamma kuma mai lambar cika, kamar 36,000 ko 38,000. Saboda haka idan aka ga layuka biyu sun gitta juna a sama, jiragen ba su yi kusa da karo ba, kowanne yana hawansa dabam. Wannan rata ita ce kuma dalilin da ya sa jirage biyu za su wuce kusan lokaci guda, ɗaya ya bar dogon sawu ɗayan bai bar komai ba, domin shimfiɗar iska mai laima sau da yawa kaurinta bai wuce ƴan ɗaruruwan mitoci ba.

Iskar Ƙasa Dabam, Ta Sama Dabam

Manomi da makiyayi a Gella sun san iska biyu. Da hunturu tana zuwa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da galibi ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Da damina kuma tana zuwa daga kudu maso yamma, ɗauke da laimar Tekun Atlantika. Waɗannan iskoki na ƙasa ne, ba su wuce ƴan kilomitoci na farko ba. A tsayin da jirage ke tafiya, al'amarin yakan juya.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, akwai wani kogin iska da ke kwarara daga gabas zuwa yamma a tsayin kilomita 12 zuwa 15. Yana tasowa ne daga kudancin Asiya, ya ratsa Indiya da Tekun Larabawa da Habasha, ya iso Afirka ta Yamma yana gudun da yakan kai kilomita 50 zuwa 90 a sa'a. Wani masanin yanayi ɗan Indiya, Koteswaram, shi ya yi cikakken bayaninsa a 1958. Masu binciken yanayin Sahel sun lura cewa shekarun da wannan kogin iska ya yi ƙarfi galibi shekarun wadatar ruwan sama ne, shekarun da ya yi rauni kuma sukan zo da ƙarancinsa.

Da hunturu kuwa, wani kogin iskar ne ke mulki, mai kwarara daga yamma zuwa gabas a kan Sahara da Masar da ƙasar Saudiyya, a tsayin kusan kilomita 12, inda gudunsa a tsakiya yakan haura kilomita 200 a sa'a. Gefensa na kudu yakan taɓo arewacin Nijeriya, don haka iskar sama a wannan lokaci galibi daga yamma take fitowa. Abin da wannan ke nufi ga mai kallo a Gella shi ne, a yawancin ranaku sawun jirgi yakan gusa ta fuskar da ta saɓa wa hayaƙin murhu. Da hunturu ƙura na tafiya yamma, sawu na gusawa gabas wajen Kamaru. Da damina iskar ƙasa na nufar arewa maso gabas, sawu na gusawa yamma wajen Hong da Gombi.

Yadda Ake Karanta Zanen

Daga haɗuwar hanya da iska ne siffofin da ake gani suke fitowa. Hanyar arewa zuwa kudu tana gitta iskar sama a kowane lokaci na shekara. Idan jirage uku suka bi ta da tazarar minti goma-goma, iska kuma tana gudun kilomita 60 a sa'a, kafin na biyu ya iso, sawun na farko ya gusa kilomita 10 gefe. Sai a ga layuka uku a jere kamar kunyoyin gona, ko da yake jiragen turba guda suka bi. Hanyar yamma zuwa gabas kuwa tana bin tsawon iskar ne, saboda haka sawun wannan yakan hau kan na wancan, su zama layi guda mai kauri.

Idan gudun iska a saman layin ya bambanta da na ƙasansa, ƙwayoyin ƙanƙara masu nauyi da ke gangarowa sukan bi wata iskar dabam, sai layin ya baje ta gefe guda kamar audugar da aka shiɓe. Idan aka ga sawu ya yi baka, galibi matuƙi ne ya kauce wa hadari, domin gajimaren hadari a wannan yanki yakan yi tsayin kilomita 15 ko fiye, kuma ba a ratsa shi, sai dai a zagaye. A kewayen irin wannan hadari ne iskar sama ta fi ƙoshi da laima, a nan ne kuma sawu ya fi daɗewa.

Lokacin da aka fi ganin zanen shi ne da kaka, bayan gizagizai sun janye kafin hazo ya sauka, sai kuma farkon bazara. A tsakiyar hunturu, hazon da yakan hana jirage sauka a Yola da Maiduguri da Kano yana rufe wa na ƙasa ido, amma jiragen da ke wucewa can sama da ƙurar suna tafiyarsu cikin sarari garau. Ya kamata a sani cewa daɗewar sawu shaida ce ta laima a can sama kawai. Mai shirin shuka ko sayen hatsi don ajiya, hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, ke fitarwa kowace shekara shi ne abin dubawarsa.

Idan Siyasa Ta Toshe Hanya

Zanen sama yana sauyawa da abin da ke faruwa a ƙasa. Tun daga 2014 yawancin manyan kamfanoni suka riƙa kauce wa sararin samaniyar Libiya saboda yaƙi. A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta, wadda ita ce miƙaƙƙiyar hanyar alhazan Nijeriya zuwa Jidda da Madina. Dole jiragen suka yi zagaye, kuma a aikin Hajjin wannan shekara kamfanonin jigila sun nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci. Maniyyacin Mubi da bai taɓa taka Khartum ba ya ji raɗaɗin yaƙinta a aljihunsa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mahukuntan Nijar sun rufe sararin samaniyarsu a ranar 6 ga Agusta, ba su buɗe ba sai 4 ga Satumba. A wannan wata guda, Nijar da Libiya da Sudan sun zama katanga a tsakiyar nahiyar, jiragen Turai masu zuwa tsakiya da kudancin Afirka suka koma zagayawa ta yamma ko ta Bahar Maliya, wasunsu da ƙarin kilomita 1,000 ko fiye. Hanyar da ke saukowa ta Diffa da Maiduguri ta yanke daga arewa. Kafin wannan, a 2020, annobar korona ta sa Nijeriya ta rufe filayenta ga jiragen ƙasa da ƙasa daga 23 ga Maris zuwa 5 ga Satumba, a daidai lokacin da zirga-zirgar sama ta durƙushe a duniya baki ɗaya. Duk sa'ad da sama ta yi fayau babu sawu na tsawon makonni, hukumomin da ke karɓar kuɗin wucewa su ne na farko da ke gani a asusunsu.

Lissafin Mai

Hausawa na cewa iska na wahalar da mai kayan kara, kuma kamfanin jirgin sama ya san gaskiyar wannan magana da lambobi. Tsakanin Yola da Jidda, a miƙe, akwai kimanin kilomita 3,200. A ɗauka jirgi yana gudun kilomita 850 a sa'a. Idan iska mai gudun kilomita 70 ta tare shi ta gaba, tafiyar za ta ci sa'a huɗu da ƴan mintoci; idan ta tura shi ta baya, sa'a uku da rabi ta isa. Bambancin ya kusa minti 40, wanda ga jirgi mai shan tan 6 a sa'a ya kusa tan 4 na mai. Idan Hajji ya faɗo da damina, masu tafiya gabas ne ke fuskantar iska, masu dawowa su samu sauƙi. Idan ya faɗo da hunturu, lissafin yakan juya. Shi ya sa kowane kamfani yake da ma'aikatan da ke duba hasashen iskar sama kafin su zaɓi hanya da tsayin da za su nema daga hukuma.

Mai shi ne ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin kamfanonin jirage, inda a duniya yakan kai kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na abin da suke kashewa. A watan Mayun 2022, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta Nijeriya ta yi barazanar dakatar da aiki, tana cewa litar Jet A1 ta tashi daga naira 190 zuwa naira 700. Duk wani abu da ya ƙara wa jirgi minti goma a sama, ko iska ce ko zagaye ko sauya tsayi, daga ƙarshe a kan tikiti da kuɗin dakon kaya yake sauka.

Sawun Jirgi Da Ɗumamar Duniya

Siraran gizagizan da sawu ke haifarwa suna aiki biyu masu karo da juna. Da rana suna mayar da wani kaso na hasken rana, abin da ke rage zafi. Amma dare da rana suna tare zafin da ƙasa ke fitarwa, kamar bargo. Da dare bargon kaɗai ke aiki, kuma yawancin jiragen da ke komawa Turai daga Afirka da dare suke tashi, su ratsa sararin samaniyar arewa lokacin da babu mai ganinsu.

Wani babban bincike da Farfesa David Lee na Ingila ya jagoranta, wanda aka buga a 2021, ya ƙiyasta cewa sufurin sama ne ke da kimanin kashi 3.5 cikin 100 na ɗumamar da ayyukan ɗan'adam ke jawowa, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan kaso daga abubuwan da ba iskar kabon ba yake fitowa, mafi girmansu shi ne gizagizan sawu. Masana suna ci gaba da muhawara kan ainihin girman wannan illa, amma sun haɗu a kan cewa jirage ƙalilan ne ke haddasa mafi yawanta. Wani bincike na jami'ar Imperial College da ke Landan a 2020, kan sararin samaniyar Japan, ya gano cewa kusan kashi 2 cikin 100 na jirage ne suka jawo kashi 80 cikin 100 na ɗumamar sawu. A 2023 kamfanin American Airlines da Google sun yi gwaji da tafiye-tafiye 70, inda matuƙa suka riƙa hawa ko sauka kaɗan don kauce wa iska mai laima. Sawu ya ragu da kashi 54 cikin 100, man da waɗannan jirage suka sha kuma ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100.

Tsarin rage hayaƙi na CORSIA, wanda Hukumar Sufurin Sama ta Duniya, ICAO, ta amince da shi a 2016, kuma Nijeriya ta shiga, iskar kabon kaɗai ya shafa. Tarayyar Turai ce ta fara ɗaukar mataki kan sawu, inda daga 1 ga Janairun 2025 ta wajabta aunawa da ba da rahoto, da farko a kan jiragen da ke zirga-zirga a cikin Turai. Tarihin dokokin hayaƙi ya nuna cewa abin da aka fara aunawa yau, gobe akan sa masa farashi.

Abin Da Ke Gaban Nijeriya

Afirka tana da kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na zirga-zirgar fasinjojin sama a duniya, don haka rabonta a wannan illa kaɗan ne. Sai dai jiragen da ke haɗa ta da Turai suna ratsa yankin da iskar sama ke yawan ƙoshi da laima, kuma da dare. Idan kauce wa sawu ya zama sharaɗi ga kamfanoni, za su fi son sararin samaniyar da hukumarsa za ta iya ba su izinin sauya tsayi cikin gaggawa ba tare da haɗari ba, wanda kuma ake da sahihin hasashen laima da iskarsa.

Wannan yana buƙatar abubuwa sanannu. Na farko, auna yanayin sama a kai a kai ta hanyar sakin balan-balan masu ɗauke da na'ura, aikin da nahiyar Afirka ta daɗe tana baya a kansa idan aka kwatanta da Turai. Na biyu, rada da rediyon da ke kaiwa ko'ina, musamman a arewa maso gabas. Na uku, kyakkyawar fahimta tsakanin cibiyar Kano da ta Njamena, domin jirgin da ya nemi hawa ƙafa 2,000 a kan Maiduguri zai shiga hannun maƙwabta bayan ƴan mintoci.

Ga ɗan kasuwa mai shigo da magunguna ko kayan gyaran injuna ta jirgi, da wakilin da ke shirya tafiyar Hajji da Umara, da mai fitar da kayan gona masu saurin lalacewa, abin lura shi ne kuɗin sufurin sama ba ya tsayawa ga farashin mai da canjin dala kaɗai. Rufe sararin samaniyar wata ƙasa maƙwabciya ya riga ya nuna tasirinsa a 2023, kuma dokar sawu ta Turai tana tafe a baya. Masu ƙulla yarjejeniyar dakon kaya ko jigilar fasinja ta dogon lokaci za su kyauta wa kansu idan suka fayyace tun farko wanda zai ɗauki nauyin ƙarin kuɗi a duk sa'ad da aka tilasta wa jirgi sauya hanya ko tsayi.